Ɗanya, tafasasshiya ko ta kwali: me wuta ke sauyawa a yadda madara ke narkewa a ciki?

Malamar Abinci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganganu biyu da ke yawo a kan madara, kuma kowacce na ƙaryata 'yar'uwarta. Masu ta farko sun ce wuta na kashe madara, ta bar ta ba amfani sai nauyi a ciki. Masu ta biyu sun ce tafasasshiya ce mai saurin narkewa, ɗanyar ce ke kumbura ciki. Ina so mu baje maganar a faifai. Amma sai mun fara daidaita baki a kan abin da muke kira zafi, don ba mataki ɗaya ba ne.

Akwai zafin Pasteur, wato ɗumama madara don kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an tafasa ta ba, shi kuma iri biyu ne: digiri 63 a ma'aunin Salshiyas na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Akwai na madarar kwali mai daɗewa ba tare da firji ba, wadda ake rubuta wa UHT: digiri 135 zuwa 150 na 'yan daƙiƙoƙi, galibi 2 zuwa 5. Akwai tafasawa a tukunya, wajen digiri 100, wadda ba ta da ƙayyadadden lokaci, kowa da hannunsa. Sai madarar gwangwani da ake dafawa a rufe cikin gwangwaninta, digiri 110 zuwa 120 na minti 10 zuwa 20, ita ce ta fi kowacce shan wuta. Duk wanda ya ce zafi na yin kaza bai faɗi digiri nawa da minti nawa ba, da sauran magana a bakinsa.

A litar madarar saniya akwai furotin wajen giram 33, maiƙo giram 35 zuwa 40, sukarin laktos giram 47 zuwa 48, kalsiyam kimanin giram 1.2, sauran kusan duk ruwa ne. Kowannensu da yadda yake amsa wuta.

Injiniyan Sarrafa Madara

Wa alaikumus salam Malama. Bari in fara da furotin, don a can maganar take.

Furotin ɗin madarar saniya gida biyu ne. Kashi 80 cikin 100 kesin ne. Kesin ba ya yawo shi kaɗai, a dunƙule yake cikin ƙananan curi da kalsiyam fosfet ke riƙe da su, faɗin kowane curi wajen nanomita 150 zuwa 200. A bayan curin akwai wani nau'in kesin mai suna kafa-kesin, a tsaye kamar gashi, shi ke hana curin manne wa juna. Kesin na jure zafi ƙwarai. Tafasawa ba ta warware shi, don dama can ba shi da wani tsattsauran naɗi da wuta za ta kwance.

Sauran kashi 20 su ne furotin ɗin da ke bin ruwa idan madara ta kama aka tsane ta. Babbansu beta-laktogulobulin, wajen giram 3 a lita, sai alfa-laktalbumin, giram 1 da ɗoriya. Waɗannan a naɗe suke kamar ƙwallon zare, kuma ba sa son wuta. Daga wajen digiri 70 beta-laktogulobulin ke fara kwancewa, in an wuce 80 sai abin ya yi sauri. Da zarar ya kwance, wani gurbi mai sinadarin sulfa da ke ɓoye a cikinsa sai ya fito fili ya kama kafa-kesin. Ke nan madarar da ta sha wuta, curin kesin ɗinta na sanye da riga ta furotin ɗin ruwa. Ku riƙe wannan rigar, kusan duk bambancin da za mu tattauna daga gare ta ya samo asali. Ƙamshin dahuwar nan na tafasasshiyar madara ma daga sulfa ɗin yake fitowa.

Zafin Pasteur na daƙiƙa 15 kaɗan yake kwancewa, da ƙyar ya wuce kashi 10 zuwa 15 na furotin ɗin ruwa. UHT kan kwance fiye da rabi, musamman wadda aka bi da ita ta bututu ko faranti mai zafi maimakon a fesa mata tururi kai tsaye. Digiri 90 na minti 10 kuwa kusan duka beta-laktogulobulin yake kwancewa.

Mai Cuku

Injiniya, wannan rigar masu yin cuku sun san ta tun kafin a san sunanta. Renet, wato sinadarin da ake samu a tumbin ɗan maraƙi, aikinsa ɗaya ne: ya yanke kafa-kesin a tsakanin amino asid na 105 da na 106, amino asid kuwa su ne tubalan da aka jera aka gina furotin da su. Gashin ya faɗi, curin ya manne, madara ta kama. In madarar ta sha digiri 72 na daƙiƙa 15 ne kawai, a digiri 30 zuwa 32 za ta kama cikin minti 30 zuwa 40, ka sa wuƙa ta yanku tas, ruwan ya tsiyaye. In tafasasshiya ce sai ka yi ta jira, abin da zai fito lagwada-lagwada ne, ba ya yankuwa kuma ba ya sakin ruwa. Ta UHT ma sau da yawa ba ta kamawa yadda za a yi cuku da ita.

Masu yin yogot kuwa akasin haka suke nema. Da gangan suke kai madara digiri 85 na minti 30, ko 90 zuwa 95 na minti 5 zuwa 10, don su sami kauri mai santsi da ke riƙe ruwansa.

Abin da ya sa na kawo wannan: fefsin, sinadarin narkar da furotin da ke cikin tumbin mutum, yana yanke kafa-kesin a wannan wurin dai. Duk wanda ya sha madara, a cikinsa ana yin cuku.

Likitan Yara

Haka yake Malam. Ga yadda abin ke tafiya daki-daki.

Tumbin babba in ba komai a ciki, tsaminsa a ma'aunin pH wajen 1.5 zuwa 2 ne, kuma a wannan ma'aunin ƙaramar lamba ita ce tsami mai ƙarfi. Madara tana shigowa da 6.7, kuma tana da ƙarfin danne tsami, don haka kofi ɗaya kan ɗaga pH ɗin tumbi zuwa wajen 6. Daga nan asid ya ci gaba da zubowa, pH ɗin ya riƙa sauka a hankali cikin awa biyu zuwa uku. Tun yana wajen 6 fefsin ya fara yanke kafa-kesin, don haka madara na kamawa cikin mintunan farko, ba ta jiran tsami ya kai 4.6 inda asid shi kaɗai ke daskarar da kesin.

Ɗanyar madara kan yi gudan curi ɗaya babba, mai tauri da danƙo, ya riƙe maiƙo a cikinsa. Fefsin daga waje kawai yake iya gaigayarsa, ƙofar tumbi kuma ba ta barin abin da ya wuce milimita 1 zuwa 2 ya shige hanji. Sai curin ya daɗe. Ruwan da ya tsiyaye kuwa nan da nan yake wucewa, ɗauke da beta-laktogulobulin lafiyayye, domin muddin yana naɗe fefsin ba ya iya taɓa shi. Sai ya isa ƙaramin hanji tirifsin da sauran sinadaran narkar da abinci da fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi) ke zubowa su farfasa shi.

Madarar da ta sha wuta sosai gudajinta ƙanana ne, masu laushi, masu ƙofofi. Fefsin na ratsa su ta ko'ina, suna saurin dagargajewa, furotin da maiƙo su bar tumbi da wuri. Beta-laktogulobulin ɗin da ya kwance kuma yanzu fefsin na cin sa tun a tumbi.

Ba sabon ilimi ba ne. A 1913 wani likitan yara a Shikago, Joseph Brennemann, ya wallafa gwaji inda aka dawo da madara daga ciki bayan an sha don a duba gudajin, ya ga na ɗanya manya ne masu tauri, na tafasasshiya ƙanana masu laushi. A 'yan shekarun nan masu bincike a Cibiyar Riddet ta ƙasar Niyu Zilan sun maimaita abin da na'urar da ke kwaikwayon matsar tumbi, suka sami tsari iri ɗaya: ɗanya ta fi tauri, ta Pasteur na biye da ita kusa-kusa, ta UHT ta fi laushi da nisa.

Ɗalibar Kimiyya

Na gode Likita. To ke nan masu magana ta biyu sun yi gaskiya, tafasasshiya ta fi? Tunda ta fi saurin narkewa, ai jiki zai fi amfana.

Malamar Abinci

A nan ne nake so mu taka a hankali, ƙanwata. Saurin narkewa daban, yawan abin da jiki ya samu daban.

In aka auna furotin ɗin da ya shige jiki kafin ƙarshen ƙaramin hanji, na madara wajen kashi 95 cikin 100 ne, kuma zafin Pasteur ko UHT ba sa taɓa wannan adadin sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ya sauya shi ne lokaci. A 1997 Yves Boirie da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa furotin ɗin ruwa na cika jini da amino asid da sauri sannan ya sauka da sauri, kesin kuwa na sakinsu a hankali na awoyi masu yawa, kuma a wancan gwajin jiki ya fi riƙe na kesin. A 2008 kuma, a Faransa dai, aka ba mutane madarar da aka yi wa furotin ɗinta alama don a bi sawunsa. Ta Pasteur ba ta bambanta da wadda ba ta sha wuta ba, amma ta UHT ta fi saurin bayyana a jini, kuma kason furotin ɗinta da ya koma yuriya ya fi na sauran biyun yawa, wato jiki ya ƙone shi maimakon ya yi gini da shi.

Don haka ba zan ce sauri ya fi ba, ba zan ce jinkiri ya fi ba, sai an faɗa mini wane ne mai sha. Tsoho wanda tsokarsa ke buƙatar amino asid su zo da yawa lokaci guda kafin ta amsa, sauri na iya yi masa rana. Mai son ya daɗe bai ji yunwa ba, curi mai tauri ya fi masa. Ga lafiyayyen babba mai cin abinci iri-iri, a ganina bambancin bai kai a sauya madara saboda shi ba.

Injiniyan Sarrafa Madara

Malama, ina da ƙari, kuma ina da ɗan ja a kan yadda ake ɗora wa zafi komai. Madarar UHT kusan duka ana bi da ita ta injin daidaita maiƙo. Ana tura ta ta ƙaramar kafa da matsi na bar 150 zuwa 250, tana digiri 60 zuwa 70, ɗigon maiƙon da ke da faɗin maikiromita 3 zuwa 4 ya farfashe ya koma ƙasa da 1. Fatar asali ta ɗigon ba ta isa ta rufe sababbin ƙananan ba, sai kesin ya zo ya lulluɓe su. Waɗannan ɗigogin na shiga cikin gudajin su ƙara musu laushi, kuma sinadarin narkar da maiƙo na samun fili mai faɗi da zai yi aiki a kai. In ka gwada ɗanya da ta kwali ka ga bambanci, abu biyu ka sauya, ba ɗaya ba.

Wannan injin ma ba a sa masa ɗanyar madara a bar ta. Akwai sinadarin fasa maiƙo a cikin ɗanyar madarar kanta, fatar ɗigon ce ke kare maiƙo daga gare shi. Ka fasa fatar ba ka kashe shi da zafi ba, cikin ɗan lokaci madarar za ta yi ɗaci da warin sabulu.

Malamar Abinci

Na karɓi gyaran, Injiniya. Amma kada mu wanke wuta tas, tana da laifinta in ta yi yawa.

A 1912 Louis-Camille Maillard ya bayyana yadda sukari da amino asid ke haɗuwa a kan zafi su yi launin ƙasa-ƙasa. A madara, laktos ne ke kama laisin, wanda ke cikin amino asid ɗin da jiki ba ya iya ƙerawa, dole sai daga abinci. Laisin ɗin da laktos ya kama ya fita daga lissafi, jiki ba ya amfana da shi. Ƙari a kan haka, tirifsin a daidai laisin da arjinin yake yanka furotin, in an toshe laisin an toshe masa wurin sa wuƙa. Wannan na faruwa tun madara ba ta sauya launi ba, don haka ido ba ya isa shaida.

A zafin Pasteur asarar ba ta wuce kashi 1 zuwa 2. A UHT 'yan kashi kaɗan ne. A ta gwangwani ta fi haka, shi ya sa launinta ke karkata zuwa ruwan ƙasa. Inda abin ya fi damuna shi ne madarar gari da aka ajiye a wuri mai zafi da laima, domin haɗuwar ba ta tsayawa a masana'anta, tana ci gaba a cikin gwangwani wata da watanni. Babba mai cin wake, nama ko kifi zai cike giɓin. Jaririn da madarar ce kaɗai abincinsa ba shi da wata madogara.

Bitamin kuma a taƙaice: A da D ba su damu da wannan zafin ba. B2 na jure wuta, haske ne ke lalata shi. B1, B12, folet da C su ne ke raguwa, ƙasa da kashi 10 a zafin Pasteur, 10 zuwa 20 a UHT, fiye da haka in an daɗe ana tafasawa. Kalsiyam ba ya zuwa ko'ina. Zafi na tura wani ɓangarensa daga ruwa zuwa cikin curin kesin, asid ɗin tumbi ya sake narkar da shi.

Ɗalibar Kimiyya

Yaya, kumburin ciki da gudawa fa? Mutane da yawa na cewa in sun tafasa ba ta damunsu, wasu kuma na cewa ɗanya ce ba ta damunsu saboda wai tana da sinadarin narkar da kanta.

Likitan Yara

Duka biyun ba su da tushe in laktos ne matsalar, kuma galibi shi ne.

Laktos sukari biyu ne a haɗe, gulukos da galaktos. Sinadarin laktes da ke jikin bangon ƙaramin hanji ne ke raba su. Kusan kashi biyu bisa uku na manyan mutane a duniya laktes ɗinsu na raguwa bayan yaye. Laktos ɗin da bai rabu ba sai ya wuce babban hanji, ya jawo ruwa, bakteriya su cinye shi su fitar da iska. Daga nan ƙugin ciki, kumburi, tusa da gudawa, yawanci tsakanin minti 30 zuwa awa 2 bayan sha.

Tafasawa ba ta raba laktos. In ma aka daɗe ruwa ya ƙone, yawansa a kowane kofi ƙaruwa yake yi. Zafi mai tsanani kan juya ɗan kaɗan daga cikinsa ya zama laktulos, wanda shi ne maganin da ake bayarwa don taurin bayan gida, amma adadin ƙarami ne: ta UHT ba ta cika wuce miligiram 600 a lita ba, alhali maganin giram 10 zuwa 20 ake sha.

Ɗanyar madara kuma ba ta da laktes. A 2014 an wallafa gwaji daga Jami'ar Stanford a kan mutum 16 da ba sa jure laktos, aka ba su ɗanya da ta Pasteur ba tare da sun san wacce suke sha ba, ba a ga sauƙi daga ɗanyar ba, ko a alamomin ko a gwajin numfashi.

Abin da ke aiki: a rage yawa, don mafi yawansu na jure giram 12, wato kofi ɗaya, musamman tare da abinci. Ko yogot mai rayayyun bakteriya, domin sun riga sun cinye kashi 20 zuwa 30 na laktos, kuma suna ɗauke da nasu sinadarin har cikin hanji. In an sake dafa yogot bayan ya kama don ya daɗe a kanta, wannan fa'idar ta biyu ta tafi. Ko cuku mai tauri da ya daɗe, wanda laktos ɗinsa ya bi ruwa. Ko madarar da aka zuba wa laktes a masana'anta.

Likitan Dabbobi

Ku ba ni dama in sa baki, don maganar ɗanya ba ta tsaya a narkewa ba. Digiri 63 da 72 ɗin nan ba da ka aka zaɓe su ba. An tsara su ne don kashe ƙwayar tarin fuka ta shanu, sannan a shekarun 1950 aka ƙara ɗaga digirin na minti 30 ɗin saboda ƙwayar Coxiella burnetii mai kawo zazzaɓin Q, wadda ta fi saura jure zafi. Da su ake kashe burusela mai sa shanu ɓari ta kuma sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da listeriya mai haɗari ga mai juna biyu, da salmonela, da kamfilobakta, da E. coli O157 mai iya lalata ƙodar yaro. Saniya na iya zama lafiya ƙalau a ido tana zubar da wasu daga cikinsu a nono. Tsabtar tatsa na rage haɗari, ba ta kawar da shi.

A masana'anta ana tabbatar da zafin ya isa ta hanyar gwada wani sinadari na madara mai suna alkalin fosfates, wanda ke mutuwa a zafin da ya ɗan ɗara na waɗannan ƙwayoyin. In an same shi da rai, ko zafin bai isa ba ko ɗanya ta gauraya.

Tunda mun ji cewa zafin Pasteur kusan bai sauya komai a narkewa ba, ban ga ribar da mai shan ɗanya ke saye da wannan kasadar ba.

Likitan Yara

Allah ya saka, Dakta. Abu biyu suka rage a ɓangaren yara, kuma na farkon rai ne a ciki.

Alajin madara ba rashin jure laktos ba ne. Garkuwar jiki ce ke faɗa da furotin ɗin: borin jini, kumburin leɓe, amai, shaƙewar numfashi. Tunda kesin na jure wuta, tafasawa ba ta sa madara ta zama lafiya ga mai alaji. Gaskiya ne a 2008 an nuna a Niyu Yok cewa wajen kashi 75 na yaran da aka gwada sun jure madarar da aka gasa cikin fulawa a tanda, wajen digiri 180 na minti 30. Amma wannan gashi ne, ba tafasa ba, kuma a asibiti ake gwada shi da maganin gaggawa a kusa. Sauran kashi 25 ɗin su ne galibi masu alaji mai tsanani. Don Allah kada wata uwa ta gwada a gida.

Na biyu, nonon uwa dabam yake da madarar saniya a wannan babin. Furotin ɗinsa wajen giram 1 ne a mililita 100, furotin ɗin ruwa ya fi kesin yawa, don haka gudajinsa masu laushi ne tun asali. Sannan yana ɗauke da sinadarin narkar da maiƙo nasa na kansa, wanda ruwan madaciya ke tayarwa a hanjin jariri. Madarar saniya ba ta da irinsa. A wuraren da ake adana nonon da iyaye mata suka bayar don bakwaini, ana ɗumama shi a digiri 62.5 na minti 30, kuma wannan zafin na kashe sinadarin, sai maiƙon da ke shiga jikin jariri ya ragu. A nan kam wuta na rage narkewa da gaske. Shi ya sa nonon da uwa ta tatsa wa ɗanta ba a tafasa shi, a ruwan ɗumi ake tsoma kwalbar.

Kuma laushin gudaji bai mayar da madarar saniya abincin jariri ɗan ƙasa da wata 6 ba. Furotin da gishirinta sun yi wa ƙodarsa yawa, ƙarfen jini ya yi kaɗan. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da aka koma ciyar da jarirai da madarar da aka dafa ƙwarai ita kaɗai, ciwon rashin bitamin C ya yawaita a cikinsu.

Injiniyan Sarrafa Madara

Ga wanda ɗanya ce ke zuwa hannunsa, ga yadda za a yi a sami lafiya ba tare da an azabtar da madarar ba.

A tace da tsabtataccen ƙyalle. A zuba a tukunyar silba mara tsatsa, a ɗora ta cikin wata babbar tukunya mai ruwa, don kada gindinta ya taɓa wuta kai tsaye. A sa ma'aunin zafi a tsakiyar madara, kada ya taɓa ƙasa. A riƙa juyawa. In an zaɓi 63, a riƙe ta minti 30 cif, in ta sauka ƙasa da 63 a sake ƙirga daga farko. In an zaɓi gajeren, a gida gara a kai 74 zuwa 75 a riƙe daƙiƙa 15 zuwa 20, saboda zafin tukunya ba ya zama daidai a ko'ina. In ba ma'auni, a bar ta ta taso sau ɗaya a sauke. Ƙarin minti 10 ko 15 a kan wuta ba ya ƙara tsaro, laisin da bitamin kawai yake ci.

Inda aka fi yin kuskure shi ne sanyayawa. A tsoma tukunyar cikin ruwan sanyi ko ƙanƙara nan take, ana juyawa, a kai ta ƙasa da digiri 5, a rufe. Ƙwayayen Bacillus cereus masu sulke na tsira daga tafasa, kuma tsakanin digiri 5 da 60 suke farkawa su hayayyafa, ga shi an kashe musu abokan gasa. Dafin da Staphylococcus aureus ya riga ya zuba a madarar da ta daɗe a ɗumi kafin a dafa shi ma ba ya mutuwa da tafasa. Mutum ya sha ya yi amai, ya ce madara ba ta karɓe shi ba, alhali ba narkewa ba ce ta gaza.

In madara ta tsinke tana kan wuta, ta riga ta fara tsami. Sabuwa tsaminta wajen kashi 0.14 zuwa 0.17 cikin 100 ne, in ya kai wajen 0.25 ba ta jure tafasa. Kamun gindin tukunya furotin ne da kalsiyam fosfet suka kwanta a ƙarfe mai zafi. Yanar da ke taruwa a sama furotin ce da maiƙo da suka bushe saboda tururi na fita, juyawa ko rufewa na hana ta, kuma zubar da ita zubar da abinci ne. Ita ce ma ke tare tururi har madara ta yi bori ta zube.

Ɗalibar Kimiyya

Malam Mai Cuku, ana iya nuna wa ɗalibai bambancin gudajin nan da ruwan lemun tsami?

Mai Cuku

Ana iya ganin wani abu, amma ba shi ne abin da tumbi ke fara yi ba, 'yata. Lemun tsami asid ne, yana narkar da kalsiyam fosfet ɗin curin, gudajin da zai ba ki masu rugurgujewa ne ko da ɗanya ce. Renet za ki nema, shi ne ke kwaikwayon fefsin.

Ki ɗauki madara ɗaya wadda ba a bi da ita ta injin daidaita maiƙo ba, ki raba uku, mililita 100 kowanne. Na farko ki bar shi yadda yake. Na biyu ki kai shi 72 na daƙiƙa 15. Na uku ki riƙe shi a 90 na minti 10 a rufe, in ruwa ya ragu ki cike da tafasasshen ruwa ya koma mililita 100, in ba haka ba kin sauya kaurinsa. Ki kawo su duka digiri 37 a cikin kwanon ruwan ɗumi, ki ɗiga musu renet daidai wa daida, ki juya sau ɗaya ki bar su minti 30 ba motsi. Sannan ki juye kowanne a kan rariya, ki auna ruwan da ya tsiyaye, ki matsa gudan da cokali. Kofin farko ba na sha ba ne, kuma duk abin da ya taɓa shi a wanke da ruwan zafi da sabulu. In kina son ki ƙara ta UHT a matsayin kofi na huɗu, ki rubuta a allo cewa ita an fasa maiƙonta, don kada yaran su ɗora wa wuta duka laushin da za su gani.